Za ka sayar da tsohon kekenka na tsere? Karanta wannan tukuna

Duk lokacin da rajistar WAEC da NECO da JAMB ta matso, sai ka ji ana cigiyar mai sayen keke a bakin get. Wani kuɗin jarrabawa yake son cikawa, wani kuma keken ne ya yi masa kaɗan. Abin takaici, da yawa suna sayarwa cikin gaggawa a yi musu tayin wulaƙanci, wasu ma cinikin ya koma rigima har gaban iyaye. Shi ya sa a fitowar wannan mako muka yi bayani a kan keken tsere, wato mai siraran tayoyi da lanƙwasasshen ƙaho.

San abin da kake da shi

Keken tsere ba irin Raleigh ko Phoenix na iyayenmu ba ne, wanda ake ɗaura wa buhun masara a kariya. Don gudu a kan kwalta aka yi shi, kuma wanda ya san keke abu uku zai fara tambayarka.

Na farko, da me aka yi firam ɗin? Akwai na ƙarfe, akwai na alminiyam, akwai na kabon, wanda ya fi su rashin nauyi da tsada. Ka kanga maganaɗisu: idan ya kama, ƙarfe ne.

Na biyu, girmansa. Ana auna firam da santimita, kamar 52 ko 54 ko 56, kuma sau da yawa lambar tana jikin bututun da sirdi ke shiga. Keke kamar takalmi yake, wanda bai yi wa mutum daidai ba wahala kawai zai ba shi.

Na uku, kayan giya. Yawancin kekunan da ake shigo da su na hannu suna ɗauke da kayan kamfanin Shimano na ƙasar Japan, kuma hawa-hawa ne: Claris ne a ƙasa, sai Sora, sai Tiagra, sai 105, sai Ultegra, sannan Dura-Ace a sama. Sunan yana rubuce a jikin abin da ke sauya sarƙa a baya. Keke biyu na iya zama kala ɗaya, amma wannan ɗan rubutun ya raba farashinsu nesa ba kusa ba. Wanda bai san haka ba sai ya sayar da doki a kuɗin jaki.

Duba lafiyarsa kafin a duba maka

Ka fara da firam, musamman wuraren da aka yi walda da kuma ƙafafu biyun da ke riƙe tayar gaba. Ƙujewar fenti ba komai ba ce, amma tsagewa babbar matsala ce, don firam mai tsaga yana iya karyewa mutum na cikin gudu.

Ɗaga keken ka juya taya, idonka a kan robar birki. Idan gargaren yana matsowa yana komawa, ya karkace, sai mai gyara ya ɗaure wayoyinsa. Sannan ka danne birkin gaba ka tura keken gaba da baya. Idan ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ya saki ko ya ci.

Sarƙa kuwa da rula ake gane ta. Daga ƙusa zuwa ƙusa rabin inci ne, saboda haka a sabuwar sarƙa, idan ka ɗora sifirin rula a tsakiyar wata ƙusa, inci 12 zai faɗa daidai a tsakiyar wata. Idan ƙusar ta zarce da 1/16 na inci, lokacin canji ya yi. Idan ta kai 1/8, da alama haƙoran giya ma sun ci, kuma wannan gyara ne mai cin kuɗi.

Daga nan sai wanki. A wanke sarƙa da kananzir da tsohon buroshi, a bari ta bushe, a ɗiga mai kaɗan. Kada mai ya taɓa gefen gargare ko robar birki, in ba haka ba birki ba zai kama ba. Ƙananan gyare-gyare kamar faci da wayar birki ka yi su, domin kuɗinsu kaɗan ne amma suna ɗaga darajar keke. Babban gyara kuwa, gara ka bar shi ka rage kuɗi.

Yadda ake yanka farashi

Abin da ka saya da shi ba shi ne farashinsa ba, haka ma yawan son da kake yi masa. Ka je wurin masu sayar da kekuna na hannu ka tambayi kuɗin irinsa, ka leƙa Jiji ko Facebook ka gani, ka kuma tambayi mai gyaran keken unguwarku. Ka tuna abin da ake rubutawa a intanet kuɗin nema ne, ba lallai a haka aka sallama ba. Sai ka tsayar da adadi biyu a ranka: wanda za ka faɗa, da wanda ƙasa da shi sai dai ka ce albarka. Idan dillali zai shiga, a yi maganar la'ada tun farko.

Idan hoto za ka ɗora, ka ɗauka da rana daga ɓangaren dama inda sarƙa take. Ka ɗauki inda ya lotsa ma. Faɗin aibi yana rage 'yan kuɗi, amma ɓoye shi yana jawo a dawo maka da keke, ga zubewar mutunci. Mutane na kiran keke dokin ƙarfe, kuma Bahaushe ya ce gaskiya dokin ƙarfe ce. To ka haɗa biyun.

Ranar ciniki

Nan ne aka fi yin kuka. Da farko, kada ɗalibi ya sayar da keke ba da sanin iyayensa ba, ko da shi aka saya wa. A haɗu da mai saye da rana, a wuri mai jama'a, tare da babba, yayanka ko kawunka. Idan ya ce zai ɗana, ya bar kuɗi ko katin shaidarsa a hannunku, domin keken tsere ba a bin sa da ƙafa. Idan tura kuɗi zai yi, kada ka yarda da saƙon waya ko hoton rasit. A duba asusun a ga kuɗi sun zauna, saboda alat na bogi ya yi yawa.

Sai a yi takarda kwafi biyu: sunan mai sayarwa da mai saye, kwanan wata, kuɗi, kala da samfurin keke, da sa hannun shaidu biyu. Kada a manta da lambar firam, wadda galibi take a ƙarƙashi, inda sandar feda ta ratsa. Juya keken za ka gan ta. In kana da rasit na asali, ka haɗa. Wannan takardar ce za ta wanke ku duka idan wani ya fito gobe ya ce kekensa ne da aka sace. Mai saye ma ya kiyaye: keke mai tsada da aka yi masa kuɗin banza, ko wanda aka kankare lambarsa, a guje shi, don karɓar kayan sata laifi ne a doka.

A ƙarshe, kada ka bari sai ana gobe za a rufe rajista sannan ka fito da keke. Mai gaggawa ba ya iya cewa albarka. Ka fara shiri da makonni biyu ko uku, ka samu damar jin tayi fiye da ɗaya.

Mai tambaya ko ƙarin bayani ya jefa takardarsa a akwatin kulob da ke kusa da wannan allo. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.