Jami'ar Lincoln, makarantar da ta yaye Nkrumah da Azikiwe

Mazaunin Zongo da ke shiga tsakiyar Wagadugu ya san titin Kwame Nkrumah, titin bankuna da otal-otal. Makarantar da ta ilimantar da mai sunan kuwa tana can ƙauye a jihar Pennsylvania ta Amurka, kimanin kilomita 70 daga birnin Philadelphia.

Sunanta Jami'ar Lincoln. Tana cikin jami'o'i wajen 100 da aka kafa domin baƙaƙen fata a zamanin da makarantun Turawa ke rufe musu ƙofa. Wani limamin coci, John Miller Dickey, ya assasa ta a 1854 da sunan Ashmun Institute, lokacin ba a ma hana bauta ba. A 1866 aka sauya mata suna don tunawa da Shugaba Abraham Lincoln. Tun 1972 take da alaƙa a hukumance da gwamnatin jihar, wadda ke ba ta kuɗi, kuma a yau kowane jinsi na shiga.

Alaƙarta da Afirka ta Yamma daɗaɗɗiya ce. Ɗalibanta uku na farko Laberiya suka nufa a 1859. Nnamdi Azikiwe ya kammala a 1930, aji ɗaya da Thurgood Marshall, baƙar fata na farko da ya zama alƙali a Kotun Ƙolin Amurka. Da Zik ya dawo yana aikin jarida a Accra, shi ya ƙarfafa wa Nkrumah gwiwa ya bi sahunsa. Nkrumah ya isa a 1935 aljihu ba nauyi, ya yi ta ƙwadago yana karatu har ya karɓi digiri a 1939.

Baƙo zai fara wucewa ta ƙarƙashin babbar ƙofar dutse da aka gina don tunawa da tsofaffin ɗaliban da suka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya. Daga nan sai ya nemi Azikiwe-Nkrumah Hall, tsohon gini ɗan madaidaici. Wanda ya zo da tsammanin ganin fada zai sha mamaki. Ɗakin karatu na ɗauke da sunan mawaƙi Langston Hughes, akwai kuma cibiyar kayan fasahar Afirka mai sunan Janar Theophilus Danjuma na Najeriya.

Gonaki ne kewaye da harabar, kuma jirgin ƙasa ba ya kai mutum har ƙofa. Mai niyyar zuwa sai ya tanadi mota tun daga Philadelphia.