Abin da ya kamata mai sayen manyan lasifikun gida ya sani kafin ya biya kuɗi

A Wudil, musamman a unguwannin da ɗaliban Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote suke zama, lasifika ta shiga jerin kayan ɗaki. Wasu na sauraren waƙoƙin Hausa na zamani, wasu kuma sun karkata ga kiɗan jita irin na Mdou Moctar da Bombino, 'yan Jamhuriyar Nijar da suka kai salon rok na hamada har Turai da Amurka. Irin wannan kiɗa, mai ƙarar jita da dukan ganguna, shi ne ke saurin tona asirin lasifika mara inganci. Tun da masu saye da yawa sai sun niƙi gari zuwa Kano, Kasuwar Sabon Gari ko Titin Beirut, yana da kyau mutum ya san abin da zai duba kafin ya kama hanya.

Abu na farko da ke ruɗar mai saye shi ne yawan wat da aka rubuta a jikin kwali. Adadin da ke ɗauke da alamar PMPO, wanda kan kai dubbai, ƙarfi ne na ƙiftawar ido, kuma babu ƙa'ida guda ta auna shi. Adadin RMS ne ke nuna abin da na'urar za ta iya jurewa tsawon lokaci. Don haka lasifika mai wat 60 na RMS na iya fin wadda aka rubuta mata 3,000 na PMPO.

Na biyu shi ne yawan ƙarar da lasifika ke fitarwa idan aka ba ta wat ɗaya aka auna daga nisan mita ɗaya, wanda ake rubutawa da desibel. Duk ƙarin desibel 3 na buƙatar a ninka ƙarfin amfilifaya. Ke nan lasifika mai desibel 90 da aka haɗa da amfilifaya mai wat 50 za ta yi ƙara daidai da mai desibel 87 da aka ba wat 100. Wannan ne ya sa masu son rok ke yabon kamfanoni irin su Klipsch da JBL, waɗanda aka kafa a Amurka a 1946, domin yawancin manyan lasifikunsu ba sa buƙatar wuta mai yawa kafin su cika ɗaki. Sai dai shaharar suna kan jawo jabu. A duba nauyin akwatin da kyawun haɗinsa, a ƙwanƙwasa gefensa. Idan ya yi amo kamar kwalin da babu komai a ciki, katakon ba shi da kauri.

Na uku, a tabbatar amfilifaya da lasifika sun dace. Yawancin lasifikun gida om 4 ne zuwa 8, kuma mai om 4 ta fi jan wuta, har ta sa amfilifayar da ba a ƙera don haka ba ta ɗauki zafi. Mutane da dama na zaton babbar amfilifaya ce kawai ke ƙona lasifika. Ƙarama ma tana yi: idan aka murɗa ta fiye da ƙarfinta, sautin kan tsage, kuma wannan tsagewar ce ke ƙona ƙaramar lasifikar sama mai fitar da siririyar murya. Da zarar jita ta fara kartar kunne, a rage.

Yanayin wutar lantarki ma abin lura ne. An ƙera kayan ne domin wuta mai bolt 220 zuwa 240, alhali hawa da saukar wuta ba baƙon abu ba ne ga masu hulɗa da layin wuta ko janareta. Kuɗin sitabilaiza mai kyau bai kai na gyaran amfilifaya ba. A kuma riƙa rufe kayan lokacin hunturu saboda ƙura. Ɗakin siminti mai tayil yana mayar da amo, amma darduma da labule masu kauri na rage shi, haka nan janye lasifika kaɗan daga bango na hana kaurin sauti ya danne muryar mawaƙi.

Abin da kuɗi ba ya mayarwa shi ne ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na iya sauraren desibel 80 na awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma a desibel 90 lokacin ya koma awa 4, a desibel 100 kuwa minti 20 kacal. Idan kunne na ƙugi bayan an kashe kiɗa, an wuce gona da iri. Akwai kuma haƙƙin maƙwabci: tun 2009 Najeriya na da ƙa'idojin taƙaita hayaniya a ƙarƙashin hukumar NESREA, kuma ko babu doka, gidan da ke da tsoho ko mara lafiya ko ɗalibi mai jarrabawa ya cancanci a raga masa, balle a lokutan salla da dare.

Mai saye ya tafi shago da waƙar da ya sani sarai a wayarsa, ya saurare ta a ƙasa-ƙasa, sannan a ƙara sauti a hankali. Lasifikar da ta bar ganga da jita da murya kowanne a fili a matakan biyu, ita ce ta cancanci kuɗinsa. Ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da sharaɗin mayarwa kafin ya hau motar Wudil.