Sinadari: daga tukunyar miya zuwa ramin zinare

A kasuwar Alhamis ta Shinkafi, “sinadarin ɗanɗano” ɗunƙulen miya ne. Malamin gona a Zurmi kuwa, idan ya ambaci sinadari, abin da ke cikin buhun takin NPK yake nufi. Ɗalibar kimiyya a Ƙauran Namoda tana da nata lissafin: sinadarai 118 a jadawali, ciki har da zinare da dalma.

Asali kalmar ta maƙera ce, garin da ke sa liƙin ƙarfe ya kama. Wataƙila shi ya sa kunne ke jin ta kamar abin gyara.

Amma a 2010, ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum.