Horon ɗan kwikwiyo domin aikin tumaki

Ƴan'uwa makiyaya, dukkanmu mun san ɓarnar da dila da kura suke yi a garke. Tunkiyar da aka yi shekara ana wahala da ita, dare ɗaya sai a rasa ɗanta. Makiyayi ba zai iya kwana ido biyu kullum ba. Shi ya sa kare mai horo yake da babban amfani. Malaman addini ma sun bayyana cewa ya halatta a riƙe kare domin kiwo, ko farauta, ko tsaron gona.

Aiki iri biyu

Karnukan tumaki iri biyu ne a duniya. Akwai masu kora, akwai masu tsaro. A kan iyakar Ingila da Sikotilan, a ƙasar Birtaniya, akwai wani kare da ake kira Boda Koli. Makiyayi yana tsaye wuri ɗaya yana fito, kare ya zagaya dutse ya tattaro masa tumaki. Tun shekara ta 1873 aka yi gasar irin waɗannan karnuka a garin Bala, cikin yankin Wels.

A ƙasarmu kuwa, babban aikin kare shi ne tsaro. Karen Azawak, na arewacin Tawa, wanda Buzaye da Fulani suke riƙewa, siriri ne mai dogayen ƙafafu, mai gudu ƙwarai. Yana gane baƙo tun daga nesa. Amma kowane iri ne, kare ba ya iya aiki sai an koya masa.

Icce tun yana ɗanye

Mu zaɓi ɗan kwikwiyon da uwarsa ta saba da dabbobi. Ya kasance mai kuzari, marar yawan tsoro. Idan ya kai wata 2, sai a raba shi da uwarsa a kai shi turken tumaki. Daga wata 2 zuwa wata 4 ne kare yake sanin waɗanda zai ɗauka a matsayin danginsa. Idan ya girma cikin warin tumaki da kukansu, ba zai cuce su ba. Idan kuwa ya girma a hannun yara, to, gida zai riƙa komawa ya bar garke a daji.

A haɗa shi da tumaki masu sanyin hali. Kada a sa shi kusa da rago mai tunkuyi, ko tunkiya mai sabuwar haihuwa. A yi masa ɗan maɓoya inda tumaki ba za su tattake shi ba.

Kalmomi kaɗan, kullum iri ɗaya

A sa masa suna gajere. A koya masa kalmomi uku kawai: zo, tsaya, bari. Duk mutanen gida su riƙa faɗarsu iri ɗaya. Koyarwa ta ɗan lokaci kowace safiya ta fi ta yini guda. Idan ya yi daidai, a shafa shi, a ba shi ɗan abinci nan take. Duka ba ya koyar da kare. Karen da ya sha sanda tsoron mai shi yake yi, ranar da aka kira shi ba zai zo ba.

Wajen wata 6, sai a fara fita kiwo da shi, da igiya doguwa a wuyansa. In akwai tsohon kare da ya ƙware, a haɗa su. A wannan lokaci yakan so wasa, ya bi ƴaƴan tumaki da gudu, ya ciji kunne ko wutsiya. A ja igiya a ce “bari” a daidai lokacin, domin in an jinkirta ba zai san laifinsa ba. Mu yi haƙuri da shi. Hankalin kare ba ya cika sai ya kusa shekara 2.

Kada a bar shi da yunwa. A ba shi tuwo ko ƙanzo da nono, da ruwa mai tsabta. Kare mai yunwa shi ne yake zama ɓarawon garke.

Lafiyar kare, lafiyar gida

Cuta biyu ya kamata mu kiyaye. Ta farko ita ce haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma yara suna da yawa a cikinsu. Idan alamunta suka bayyana ga mutum, babu magani. A kai kwikwiyo wurin malamin dabbobi a yi masa allurar rigakafi idan ya kai wata 3, a kuma sabunta ta yadda malamin ya tsara. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sannan a tafi gidan likita a ranar, ko da ciwon ƙarami ne.

Ta biyu ita ce tsutsar ciki. Mun sha ganin tunkiya tana juyawa wuri ɗaya, kanta a karkace, har ta mutu. Sau da yawa daga kare abin yake fitowa. Kare ya ci ɗanyen kan tunkiya mai cutar, tsutsa ta girma a hanjinsa, ƙwayayenta su fita cikin kashinsa su zauna a ciyawa. Wata tunkiya ta ci ciyawar, sai ƙullutu mai ruwa ya fito mata a ƙwaƙwalwa. Saboda haka kada mu jefa wa kare ɗanyen kai, ko huhu, ko hanta. Mushe kuwa a binne shi da zurfi. A nemi maganin tsutsa na karnuka wurin malamin dabbobi, yara kuma su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Ƴan'uwa, kuɗin allura da na maganin tsutsa ba su kai kuɗin tunkiya ɗaya ba. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa maƙwabcinsa da bai shiga ajin yaƙi da jahilci ba tukuna. Allah ya tsare mana dabbobinmu, ya sa musu albarka.