Gwajin Kaya a Tallar Bidiyo: Abin da Ya Kamata 'Yan Kasuwa Su Sani

A Kasuwan Magani da ke Ƙaramar Hukumar Kajuru ta Jihar Kaduna, kan hanyar Kaduna zuwa Kachia, mai sayen hatsi ba ya biyan kuɗi sai ya soka hannu cikin buhu ya gani da idonsa. Wannan tsohuwar al'ada ita ce ginshiƙin tallar bidiyo da ake sakawa a Facebook da TikTok da WhatsApp, inda mai saye ke nesa, kuma sau da yawa yakan aika kuɗi kafin ya ga kaya.

Amfanin gwaji shi ne ya maye gurbin hannun mai saye. Saboda haka wajibi ne bidiyon ya nuna abin da shi kansa zai duba da yana wurin. Ɗauki misalin citta, wadda ake nomawa sosai a Kachia da Jaba da Kagarko. Tun bayan cutar da ta lalata gonakin citta a 2023, hoton buhu a ɗinke ba ya gamsar da ɗan kasuwar Dawanau a Kano. Sai a farke buhun, a juye shi ƙasa domin a ga na gindi, a karya busasshiyar citta a nuna cikinta, sa'an nan a ɗora a sikeli. A yi duk wannan a ɗauka guda, domin inda aka yanke bidiyo nan ne mai kallo ke zargin algus. Kiɗa da yawan kirari kuwa ba su ƙara komai, sai cinye wa mai kallo data.

Haka mai sayar da injin ban ruwa: ya tayar da shi, a ji ƙararsa, a ga ƙarfin ruwan, a faɗi farashi.

Akwai kuma batun doka. Dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON a madadin APCON ta haɗa da tallar intanet cikin waɗanda ake tantancewa kafin a fitar. Tallar magani da abincin da aka sarrafa kuwa, har da maganin gargajiya, tana buƙatar amincewar NAFDAC. Wanda ya nuna masara mai kyau ya aika mai ƙwari, bidiyon da ya ɗauka da hannunsa zai iya zama shaida a kansa gaban hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC.