Jituwar Aikau da Aikatau a Turanci



Abin da zan yi magana a kai ɗan ƙarami ne, harafi guda, watau "s". Amma da yawa daga yaranmu na Kakuri da Makera da Barnawa wannan harafi ne ke rage musu maki a Turancin jarrabawar WAEC, kuma in babu kiredit a Turanci, babu shiga jami'a.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga jituwa. Muna cewa yaro ya tafi, yarinya ta tafi, yara sun tafi. To, ku lura, kalmar "tafi" ba ta motsa ba. Wakilin sunan da ke gabanta shi ya ɗauki nauyin nuna jinsi da adadi. Shi kuwa Bature a wutsiyar aikatau yake liƙa alamar, sai ya ce "the boy goes", amma "the boys go". A nan ake tuntuɓe, domin an koya wa yaro cewa "s" alamar jam'i ce, ga shi kuma a jikin aikatau ta zama alamar tilo.

Akwai kuma dalili na biyu, wanda ya shafi wannan ƙetare na kogin Kaduna musamman. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri cikin 1957, ma'aikata suka yi ta kwararowa daga ƙabilu barkatai, Turancin buroka ya zauna daram a unguwannin. A buroka ana cewa "e dey go", "dem dey go", aikatau ba ya sakewa. Masaƙar ta rufe, amma harshen na nan a bakin yara. Ashe yaro ya iso aji da harsuna biyu, ba ko ɗaya da ya shirya shi ga wannan "s".

Ni a ganina, malami ya daina faɗa, ya soma da Hausar. Mu da kanmu muna cewa jama'a ta taru, muna kuma cewa jama'a sun taru. Haka mutanen Ingila ke yi da "committee": in ana nufin ƙungiyar a dunƙule sai "has", in ana nufin mutanen cikinta sai "have". Wanda ya fi wuya shi ne "news". Mu labarai jam'i ne, amma a Turanci "the news is" ake cewa, alhali 'yan sanda, da ba su da "s" ko kaɗan, "the police are" ne.