Daga Kuching Zuwa Kabo: Kurket Da 'Ya'yanmu Mata

Ranar 20 ga Janairun 2025, a birnin Kuching na ƙasar Malesiya, 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 suka ba duniya mamaki a gasar cin kofin duniya ta kurket. Ruwan sama ya sa an gajarta wasan, Najeriya ta tara maki 65, ita kuwa Niyu Zilan, wadda ta haura shekara ɗari tana wannan wasa, ta tsaya a 63. Kyaftin ɗin tawagar, Lucky Piety, aka zaɓa gwarzuwar ranar. Da wuya labarin ya ratsa majalisun Gwarzo ko na Kabo, inda hirar wasa ba ta wuce Madrid da Barcelona da Kano Pillars. Ga shi kuwa ya shafe mu, domin duk cikin wasannin da ake fita ƙasashen waje a yi, babu wanda ya dace da yarinyar Bahaushe kamar wannan.

A duba yadda irin su Piety suka taso. Da yawa daga cikinsu 'yan jihar Edo ne, kuma a filin makaranta suka fara riƙe sandar bugu. Tsanin gajere ne ƙwarai. Sai a Janairun 2019 babbar tawagar mata ta Najeriya ta buga wasanta na farko da hukumar kurket ta duniya ta sa a lissafi, da Ruwanda a Abuja, amma zuwa Maris na 2024 har ta ɗauko lambar tagulla a wasannin Afirka da aka yi a Ghana. A ƙwallon ƙafa dubban yara ke rububin gurbi guda, a kurket kuwa har yanzu ƙofa a buɗe take, duk jihar da ta riga shiga ita za ta cika tawagar ƙasa. Zama a karkara ma ba ya hana komai. Marufa Akter ta Bangaladash 'yar manomi ce daga gundumar Nilphamari, ta yi huɗa tare da mahaifinta, yau ga ta cikin fitattun masu jifa na ƙasarta. Rayuwarta ta fi kusa da ta yarinyar Getso ko Garo fiye da ta 'yar birnin Landan.

Yaya wasan yake? Kowane ɓangare mutum 11 ne. A tsakiyar fili akwai wani ziri mai tsawon kusan mita 20, an kafa sanduna uku a kowane ƙarshensa. Mai jifa ta taho a guje ta wurga ƙwallo tana neman ta kayar da sandunan, mai bugu ta tare da faffaɗan katako, in ta maka ta yi nisa sai ita da abokiyarta su yi ta musayar wuri a guje, kowace musaya maki ɗaya. Sauran suna warwatse a fili suna jiran cafka. Babu turereniya, babu wadda za ta taɓa jikin wata, kayan wasan kuma dogon wando ne da riga, mai son dogon hannu ta sa. Abtaha Maqsood ta Sikotlan da hijabinta take jifa, da shi ta buga babbar gasar Ingila a 2021. Yarinyar da ta girma tana carafke, ido a sama hannu a ƙasa, ta riga ta yi rabin karatun cafka.

Wani zai ce ai wasan Turawa ne. Ƙwallon ƙafar da muke kwana kallo ma daga Ingila ta zo, kuma kurket ba baƙo ba ne a Arewa: ɗaliban Kwalejin Katsina, wadda ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa, sun buga shi tun kafin a samu 'yancin kai. A yau Pakistan da Bangaladash, ƙasashen Musulmi, suna cikin manyan masu tawagar mata. Wani kuma zai kawo maganar aure. Bismah Maroof ta yi aure, ta haihu, ta koma ta jagoranci Pakistan a gasar duniya ta 2022 da jaririyarta a hannu, bayan hukumarsu ta fito da tsarin hutun haihuwa. Abin da iyaye ke tsoro da gaske shi ne tafiye-tafiye da wanda zai kula da 'yarsu, kuma suna da gaskiya. Maganinsa mai horarwa mace da atisaye cikin katangar makaranta. Tawagar da ta je Malesiya ma mace ce ta horar da ita, Sarah Bakhita 'yar Kenya.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na kuɗi. Makarantar da ɗalibanta ke zaune a ƙasa, ina ita ina kayan wasa? Ba za a ce kurket ya fi kujera da alli ba, kuma ƙarya ce a ce wa yarinya zai azurta ta, don a Najeriya ƙalilan ne ke cin abinci da shi. Sai dai farawa ba ta cin komai. Yaran Karachi ƙwallon tanis suke naɗe wa salatif, su kafa duk abin da suka samu a madadin sanduna, kuma daga nan ƙwararru da dama suka fito. Kafinta a kasuwar Gwarzo zai sassaƙa sandar koyo kafin la'asar. Ribar kuwa ba albashi kaɗai ba ce: yarinyar da ke da gasa a gabanta tana da ƙarin dalilin zama har ta gama sakandare.

A 2028 kurket zai koma wasannin Olamfik a Los Angeles, karo na farko tun 1900, har da gasar mata. Kabo na da makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati, kuma ɗan yankin, Sanata Barau Jibrin, ya nuna da ƙungiyar ƙwallon ƙafarsa, Barau FC, cewa masu hali a nan suna iya zuba dukiya a wasa in sun ga dama. Abin da ya rage, shugabannin ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo da hukumar wasanni ta jihar Kano su rubuta wa hukumar kurket ta ƙasa ta turo masu horarwa, a koya wa malamai mata biyu ko uku, a fara da 'yan aji ɗaya tun wannan zangon.